Allo Ya Yi Baƙi, Amma Kwamfuta Ba Ta Mutu Ba

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaishe da mutanen Garwa ciki da waje, daga Yelwa zuwa Fulɓere, daga Rumde Ajiya zuwa Jambutu. Ina gaishe da na Pitowa da Lagdo da Gider da Figil, da 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka, mutanen Yola da Mubi, in iska ta kai muku muryarmu. Gaisuwa ta musamman ga masu gyaran kwamfuta da ke zaune a shagunansu na kasuwa, domin rabin maganar yau taku ce.

Kwanakin baya wani ƙanena ɗalibi ya shigo gida da kwamfutarsa a hammata, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Kwamfuta ce 'yar gwanjo, irin ta cinya, wadda ya yi wata da watanni yana tara kuɗinta. Wani abokinsa ya ɗora masa Linux a kai, aka gama lafiya, aka kashe aka kunna. Tambarin kamfani ya fito tas, rubutu ya ɗan gilma, daga nan sai allo ya yi baƙi ƙirin. Fanka tana juyawa, fitilar gefe tana ci, amma babu abin da ido zai gani. Ya kai wa wani mai gyara, shi kuma ya kunna sau biyu, ya girgiza kai ya ce katin hoto ya ƙone, sai dai a sayar da ita a matsayin kayan gyara.

Kati bai ƙone ba. Kalma ɗaya muka rubuta wa kwamfutar nan kafin ta tashi, hoto ya dawo. Zan gaya muku kalmar kafin mu rabu, amma ina so ku fara jin dalilin da ya sa ta yi aiki, domin wanda ya san dalili shi ne zai iya taimakon kansa ranar da kalmar ba ta isa ba.

Me ya sa na ɗauko wannan magana yanzu? Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta ga jama'a. Windows 11 da ta gaje ta kuwa tana da sharuɗɗa, kuma yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin wajajen 2018 ba su cika su ba. To ku duba abin da ke kan teburanmu. Kwamfutar da ke ofishin makaranta, da ta mai buga takardu a bakin titi, da ta ɗalibi, akasarinsu sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su sauka Duwala ko Legas, su hawo mana arewa. Ga kuma guda 500,000 ɗin nan da gwamnatin Kamaru ta fara raba wa ɗaliban jami'o'i a ƙarshen 2017, masu ƙaramin rumbu, waɗanda har yau wasu ke hannun mutane. Mutane da yawa za su koma Linux don kwamfutarsu ta ci gaba da rayuwa, kuma abin da ya fi saurin karya musu gwiwa a ranar farko shi ne allon nan da ke yin baƙi.

Bari mu fara da katin hoto, wanda masu Faransanci a cikinmu ke kira kat girafik. Duk abin da ka gani a allo, harafi ne ko bidiyon ƙwallon Coton Sport, ɗigo ne ƙanana fiye da miliyan guda, kowanne da launinsa, ana sabunta su kamar sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Wannan aiki ya yi wa ƙwaƙwalwar kwamfuta yawa ita kaɗai, shi ya sa aka yi masa ma'aikaci na musamman. A wasu kwamfutocin kati ne na gaske da ake sokawa a ciki, har da fankarsa. A yawancin namu kuwa ɗan guntu ne da aka haɗa cikin ƙwaƙwalwar tun daga masana'anta. Kamfanoni uku ne suka mamaye wannan sana'a: Intel, AMD da Nvidia.

Kowane kati yana da yarensa. Mu mutanen Garwa ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Ka shiga babbar kasuwa, wannan yana Fulatanci, wancan yana Hausa, ga mai Faransanci, ga baƙo daga kudu da bai jin ko ɗaya cikin biyun farko. In ba a samu tafinta ba, mai kaya yana da kaya, mai kuɗi yana da kuɗi, amma ciniki ba zai faɗa ba. Tafintan da ke tsakanin kati da sauran kwamfuta shi ake kira direba, masu Faransanci su ce pilot. Manhaja ce, ba ƙarfe ba. In babu shi, ko an kawo wanda ba ya jin yaren wannan katin, sai katin ya zauna da lafiyarsa ƙalau, allo kuma ya zauna baƙi.

A ina tafintan yake zama? A cikin abin da ake kira kanel, wato ƙwayar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ita ce ke raba wa kowa aiki, ita ce kaɗai ke da izinin taɓa ƙarfe kai tsaye. Kanel ɗin Linux wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, ya sake shi ga duniya kowa ya karanta, ya gyara, ya ƙara. A farkon 2025 rubutunsa ya kai layi miliyan 40, kuma mafi yawansu direbobi ne. Na katunan AMD na zamani kaɗai ya haura layi miliyan 5. In wayar da ke aljihunka Android ce, to da wannan kanel ɗin take aiki, ko da ba ka taɓa jin sunansa ba.

A nan ne Linux ta sha bamban da abin da muka saba. A Windows mai gyara yakan gama ɗora manhaja sannan ya shiga neman direbobi ɗaya bayan ɗaya. A Linux yawancinsu suna zuwa ne tare da kanel, shi ya sa sau tari kana kunnawa komai ya kama aiki. Tun 2009 aka fara ɗora wa kanel alhakin saita allo da kansa, ya san faɗinsa da tsawonsa tun farkon tashi. Wannan ya kawo sauƙi mai yawa, amma ya zo da nauyi: in direban ya yi tuntuɓe a wannan lokacin, ba za ka ga ko saƙon da ke gaya maka abin da ya faru ba.

Kamfanonin nan uku kuwa ba hali ɗaya suka nuna ba. Intel ta daɗe tana biyan ma'aikatanta su rubuta direbanta a fili cikin kanel, ana kiransa i915. AMD ta sayi kamfanin ATI a 2006, a shekarar da ta biyo baya ta fara sakin bayanan katunanta, aka samu direban radeon mai kyau, sannan a 2015 amdgpu ya shiga kanel. Nvidia ita ce ta rufe ƙofa. Tana ba da direba mai ƙarfi, amma a kulle, ba mai ganin cikinsa. Sai wasu masu sa kai, cikinsu har da wani Bafaranshe mai suna Stéphane Marchesin, suka zauna suna lura da yadda direban kamfanin ke magana da kati, suna koyon yaren da kunne kamar yadda yaro ɗan kasuwa ke tsintar Fulatanci ba tare da malami ba. Suka sa wa aikinsu suna Nouveau, wato sabo a Faransanci, ya shiga kanel a 2010. Ina jinjina wa mutanen nan ƙwarai. Amma wanda ya koyi yare ta bayan katanga dole wasu kalmomi su kuɓuce masa. Takaicin wannan ne ya sa a watan Yunin 2012, a gaban ɗalibai a Jami'ar Aalto, Linus Torvalds ya bayyana Nvidia a matsayin kamfanin da ya fi ba su wahala. Sai a watan Mayun 2022 kamfanin ya buɗe wani sashe na direbansa, shi ma ga katunan da suka fito daga 2018 zuwa sama. Waɗannan kuwa ba su ne suka cika kasuwanninmu ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, yanzu mun iso tsakiyar magana, kuma ina roƙon ku ba ni kunne sosai, musamman ɗalibai da masu gyara.

Kanel ba a ɗaukarsa dungurungum a zuba wa kwamfuta. Ɗinka shi ake yi, kamar riga. Kafin a ɗinka akwai wata doguwar takardar zaɓi mai tambayoyi fiye da 10,000, tsarin da ke kula da ita ana kiransa Kconfig. A gaban yawancin direbobi amsa uku ce. Ko ka ce y, ko ka ce m, ko ka ce n. Harafin n shi ne a bar shi, ba a so. Harafin y shi ne a ɗinke shi a jikin kanel kamar aljihun riga, duk inda riga ta je yana nan. Harafin m kuwa a yi shi daban kamar jakar ratayawa, a ajiye, in buƙata ta taso a ɗauko. Irin wannan shi ake kira modul.

To amma direba ba ya tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai. Kowanne yana jingine da wasu sassa, su ma suna jingine da wasu. A takardar zaɓin nan, jinginar iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne tushen rikici mai yawa.

Ta farko sharaɗi ce. Kamar ɗaurin aure ne, sai da waliyyi, sai da shaidu, in babu su ba a ma fara magana. Direban Nouveau, alal misali, yana da sharaɗin sai an kunna babban sashen hoto na kanel wanda ake kira DRM, kuma sai an kunna sashen PCI, wato hanyar da kati ke bi ya haɗu da sauran kwamfuta. In ɗaya daga cikinsu a kashe yake, ba za a ce maka ka yi kuskure ba. Sunan Nouveau ne zai ɓace daga jerin gaba ɗaya. Ɗalibi zai yi ta hawa da sauka yana nema, har ya yanke cewa Linux ba ta san katinsa ba, alhali wata ƙofa ce can sama ya bari a rufe. Mai fama da wannan, ya danna alamar sanda mai karkata a cikin allon zaɓin, ya rubuta sunan direban, za a nuna masa sharuɗɗansa duka da wanda bai cika ba.

Cikin sharaɗin nan akwai wata ƙa'ida mai ma'ana. Abin da aka ɗinke a jikin riga ba zai dogara da abin da ke cikin jaka ba, domin ana iya fita da riga a bar jaka a gida. Saboda haka in ka sa DRM a matsayin m, direban katinka ba zai karɓi y ba, kome ka danna. Ba taurin kai ba ne, kare ka ake yi daga kanel ɗin da zai tashi yana neman abin da bai iso ba tukuna.

Ta biyu kuwa gayya ce. Ka gayyaci mutum ɗaya biki, sai ya zo da 'yan rakiyarsa. In ka kunna Nouveau a kwamfutar cinya, shi da kansa zai jawo sashen da ke ƙara hasken allo da rage shi, da sashen lura da wuta da batir, da sashen da ke magana da tsarin ACPI na kwamfutar. Wannan yana sauƙaƙa wa mai ɗinki. Matsalar ita ce gayya ba ta duba ko su 'yan rakiyar nan nasu sharuɗɗan sun cika. Tana shigo da su ne da ƙarfi. Sai ka ga an jawo wani sashe alhali abin da yake tsaye a kai a kashe yake, ɗinki ya tsaya a tsakiya da kuskure, ko ya kammala da gargaɗin da mutum bai karanta ba. Su kansu masu kula da kanel sun ja kunne a kan yawan amfani da wannan hanya. Har injuna suka tanada da ke kwana suna ɗinka kanel da zaɓin kan-mai-uwa-da-wabi, don a gano haɗin da zai karye kafin ya iso hannun jama'a, kuma akwai injiniyoyi irin su Arnd Bergmann na Jamus da suka yi suna wajen toshe irin waɗannan ramuka. Kusan kowane mako 9 ko 10 sabon kanel yake fita, aikin kuma ba ya ƙarewa.

Saura jingina guda, wadda ba a rubuta ta cikin takardar zaɓi yadda ido zai gani ba, kuma ita ta fi kama mutane. Katunan zamani suna da 'yan ƙananan ƙwaƙwale a cikinsu, waɗanda sai an loda musu wata 'yar manhaja daga kamfani duk lokacin da aka kunna. Ana kiranta famwaya. Direba yana cikin kanel, amma famwaya tana ajiye a rumbun kwamfuta. Ka ga in ka ɗinke direban AMD da y, zai farka tun da asuba, kafin a buɗe rumbu. Ya nemi famwaya, ɗakin ajiya a kulle, mai mabuɗi bai iso ba. Sai ya haƙura, allo ya yi baƙi ko hoto ya fito a gurguje. Magani shi ne a mai da shi m, ko a sa famwayar cikin ɗan ƙunshin da kanel ke buɗewa tun farkon tashi. Shekaru da yawa masu ɗora Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, sun sha wannan wahala ta wata fuskar, domin a lokacin Debian ba ta sa famwayar da ba a buɗe take ba cikin faifanta na hukuma. Sai da mambobinta suka kaɗa ƙuri'a a 2022, sannan Debian 12 ta fito da ita a ciki a watan Yunin 2023. Duk mai gyaran da har yanzu yake yawo da tsohon filas mai Debian 10 ko 11, ya sani cewa wani baƙin allon daga aljihunsa yake fitowa.

Wani zai ce, Malam, ni ba ɗinka kanel nake yi ba, mene ne ruwana? Gaskiya ne, yawancinmu ba za mu taɓa buɗe takardar zaɓin nan ba. Masu Ubuntu da Linux Mint da Debian da Fedora sun cika ta a madadinmu, sun sa kusan kowane direba a matsayin modul don kanel ɗaya ya hau kowace kwamfuta. Amma zaɓinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa kwamfuta guda za ta ƙi wannan ta karɓi wancan. Akwai ma katunan AMD na wajajen 2012 da 2013 da tafinta biyu ke jin yarensu, radeon da amdgpu, kuma wanda zai karɓi aikin ya danganta da yadda aka ɗinka kanel da abin da aka gaya masa wajen tashi. In ka san haka, ba za ka yanke wa kwamfuta hukunci daga gwaji ɗaya ba.

Yanzu mu koma kan direban Nvidia na kulle, domin a nan ne ni nake da ra'ayi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Cikin kanel kullum ana sauya fasali. Direban da ke zaune a ciki, duk wanda ya rushe bango shi zai gyara masa ɗakinsa. Wanda ke waje kuwa sai mai shi ya bi sauyin da kansa, kuma kamfani yana bi ne muddin yana ganin riba. Direba mai lamba 340, wanda ke riƙe da tsofaffin katuna irin GeForce 210, an daina kula da shi a ƙarshen 2019. Mai lamba 390 ya bi shi a ƙarshen 2022, mai lamba 470 kuma a 2024. Katunan suna nan da ransu, suna cikin kwantenonin da ke sauka mana. Tafintansu ne aka sallama. Baturen da ya sayi kwamfutar sabuwa ya ci moriyarta lokacin da ake kula da ita. Mu da muke karɓarta bayan shekara takwas ko goma, mu ne wa'adin ke ƙarewa a hannunmu.

Don kada in yi rashin adalci, buɗaɗɗen direba ma ba ya dawwama. A 2023, cikin kanel mai lamba 6.3, an cire direbobin wasu katuna na shekarun 1990 da farkon 2000, irin su ATI Rage 128 da 3dfx da S3 Savage, saboda babu sauran mai kula da su. Amma ku auna tazarar. Waɗannan sun haura shekara 20 kafin a sallame su. Kuma sunan Intel kaɗai ba garanti ba ne: akwai ƙananan kwamfutocin nan na wajajen 2008 da 2009 masu guntun GMA 500, wanda Intel ta yi hayar fasaharsa daga wani kamfanin Ingila, kuma bai taɓa samun cikakken direba a Linux ba. Duk da haka, in ni ne zan sayi kwamfuta 'yar gwanjo don karatu ko aikin ofis, wadda ke da hoton Intel ko AMD zan ɗauka, in bar mai tsohon katin Nvidia kome kyan takardar da aka manna mata.

Akwai abin da ya sa maganar nan ta fi shafarmu fiye da mutumin Helsinki. Zafi. A Garwa, cikin Maris da Afrilu, ma'auni yana haura digiri 40. In direban da ya dace bai hau ba, sau da yawa hoto yakan fito, amma ƙwaƙwalwar kwamfuta ce ke zana shi da kanta. Sai ka ji fanka tana kuka, bidiyo yana tsinkewa, cinya tana ƙuna, batir da ke kai awa uku ya ƙare a ɗaya. Ka haɗa wannan da ƙurar hunturu da ta toshe hanyar iska, ka haɗa da lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya ana rabon wuta unguwa-unguwa. Kwamfutar da ke aiki ba direba a irin wannan yanayi tana cin kwanakinta ne da sauri. Kuma zafi yana kashe kati da gaske. A 2008 Nvidia da kanta ta amsa cewa wasu guntayenta na kwamfutocin cinya suna lalacewa, ta ware maƙudan kuɗi don gyara. Saboda haka mai gyaran da ya ce kati ya ƙone ba kullum yake kuskure ba. Abin da nake nema a wurinsa shi ne ya tabbatar kafin ya faɗa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To yaya ake tabbatarwa? Mai alƙalami ya ɗauko.

Ka fara da idonka. Kunna kwamfuta ka dubi tambarin kamfani da ke fitowa a farko. In ya fito tsaf, ba zane-zane, ba launuka a warwatse, sai daga baya allo ya yi baƙi, to mafi yawan lokaci kati lafiyarsa lau, domin shi ne ya zana tambarin. In kuwa tun daga tambarin hoto a yage yake, sai a fara zargin ƙarfe, a jona wani allon na waje a gani ko katin ne ko allon.

In tambari ya fito lafiya, ga kalmar da na yi muku alkawari. Wajen tashi akwai jerin zaɓi da ake kira GRUB. In bai bayyana ba, riƙe maɓallin Shift ko ka danna Esc. Danna harafin e, nemi layin da ya fara da kalmar linux, je ƙarshensa ka rubuta nomodeset. Zan jero haruffan: n, o, m, o, d, e, s, e, t. Sannan danna F10. Abin da ka gaya wa kanel shi ne kada direban hoto ya karɓi allo, a ci gaba da saitin da kwamfuta ta taso da shi. Da wannan muka ta da kwamfutar ƙanena.

Amma ku ji ni da kyau, wannan sandar dogarawa ce, ba warkewa ba. Na sha ganin kwamfutocin da aka bar musu kalmar nan dindindin aka miƙa wa mai su, ya tafi yana murna, alhali an jefa shi cikin zafin da muka ambata. Da zarar ka shiga, buɗe tagar umarni ka rubuta lspci, ka bar fili, ka sa 'yar gajeriyar sanda da harafin k. Za ta nuna maka sunan katinka da direban da ke riƙe da shi. Sannan umarnin dmesg zai karanto maka abin da kanel ya faɗa wajen tashi, kuma in famwaya ce ta ɓace, a nan za ka ga sunan fayil ɗin da aka nema aka rasa. A Ubuntu da Linux Mint akwai wurin da aka tanada don ƙarin direbobi. Ta nan za ka bi. Kada ka kwaso direba daga wani shafin intanet da ba ka sani ba, domin ranar da kanel ya sabunta, shi ne zai fara juya maka baya.

Abu biyu kuma, a taƙaice. Kada ka fara sabunta kanel batir yana ƙasa kuma ba ka da tabbacin wuta, domin direban Nvidia ana sake haɗa shi ne da kowane sabon kanel, in wuta ta ɗauke a tsakiya za ka tashi da baƙin allo. In hakan ta faru, tsohon kanel yana nan cikin jerin GRUB, zaɓe shi ka shiga ka gyara. Sannan mai saye, ka je kasuwa da filas mai Linux a aljihu. Ana iya tayar da ita daga filas ba tare da an taɓa rumbu ba. Ka kalli bidiyo, ka ƙara haske ka rage, ka rufe murfi ka buɗe, ka saurari fanka, sannan a yi maganar kuɗi.

Kwamfutar ƙanena, da muka bincika, kati biyu gare ta, na Intel a cikin ƙwaƙwalwa da tsohon na Nvidia a gefe. Muka hana na Nvidia tashi, muka bar na Intel da aiki, muka goge kalmar nomodeset, muka busa ƙurar da ke cikin fanka. Da ita yake rubuta aikinsa na makaranta har yau.

Ina kira ga masu gyara, 'yan uwana, ku riƙe filas mai sabuwar Linux a shago, kuma kada bakinku ya furta cewa kati ya ƙone sai kun gwada abin da muka faɗa. Ina kira ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Ngaundere da ta Marwa da sabuwar Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, ku samu tsohuwar kwamfuta ku ɗinka kanel da hannunku ko sau ɗaya ne, ku karya ku gyara, kuma in kun ga kuskure a tsohon kati ku aika wa masu kula da direban rahoto, domin sukan cire direba ne in sun ga babu sauran mai amfani da shi, mu kuwa muna amfani da su. Ku kuma iyaye da malamai da ke da kwamfutar da aka jingine a lungu saboda allonta ya yi baƙi, ku kakkaɓe ta ku kai a sake dubawa a wannan makon.

Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)